Sumba ta Uku

Armand Teyssier ya sauka daga mota a bakin kasuwar garinsu ranar Asabar da hantsi, masu ɗaukar fim na biye da shi. Shekara hamsin da ɗaya rabonsa da garin. A Paris ya yi su, yana rubuta waƙa yana rerawa. Daga baya ya shiga fim, ya fito a ɗan sanda sau tara, ya mutu sau shida. Amma waƙa ɗaya ce ta ciyar da shi, wadda ya yi wa wata yarinya mai sayar da cukun awaki a wannan kasuwa. A cikinta ya rantse duk inda ya je shi ɗan duwatsun Ardèche ne, yankin da garin yake a Faransa.

Yanzu murya ta tafi, gwiwa ma ta bi ta. Ya sayi gida a bayan coci, yana so ya ƙare kwanansa a nan. Mutanen gari ba su ce masa zo ba, ba su ce kada ka zo ba. Kowa na jiran abin da Josiane Vialle za ta yi. Ita ce yarinyar waƙar, kuma har yau tana rumfarta da cukunta.

Maëlle, mai shirya fim ɗin rayuwarsa, ta gyara masa wuyan riga. "Ka tafi a hankali, ka cire hula, ku gaisa. Shi ke nan."

"Yarinya, fim arba'in na yi. Na san yadda ake cire hula."

Ya tafi a hankali, ya cire. Josiane ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Armand ne? A talabijin ka fi haka gashi."

"Na aro ne, Josiane."

"A waƙarka ka ce idona shuɗi ne. Shekara hamsin baƙi na zuwa su leƙa mini ido, su tafi ba su sayi ko cuku ɗaya ba."

"Shuɗi ne ya zauna da kiɗan."

Ta kusa yin murmushi. Ta goge hannu, ta fito daga bayan tebur. 'Yan kasuwa duk suka juyo suna kallo.

Ya sumbace ta a kunci ɗaya, ya sumbace ta a ɗayan, sannan ya ja baya ya juyo wa kyamara gefen fuskar da ya fi so. Josiane kuwa tana nan tsaye, wuya a miƙe, kunci a iska. A garin nan sumba uku ake yi in an zo gaisuwa. Biyu na mutanen Paris ne.

Mai nama ya dubi mai burodi. "Biyu."

"Na ƙirga," in ji mai burodi.

Sai a sannan Armand ya gane. Kunnuwansa suka yi ja.

"Tsufa ne, Josiane."

"Tsufa bai mantar da kai inda kyamara take ba."

Maëlle ta matso. "Ba komai, za mu yanke wannan wurin. Madam, ki koma bayan tebur, a sake daga farko."

Armand ya riƙe hula da hannu biyu. Wannan karon bai nemi kyamara ba. "Bari in cika ta ukun."

Josiane ta koma bayan tebur. Ta zaɓi cuku ƙarami, wanda ya bushe sosai, irin da yake so yana yaro. Ta naɗe shi a takarda, ta jefa masa cikin hula.

"Kasuwa na ci kowace Asabar. Ta ukun tana nan, ranar da ka zo da ƙafarka ba tare da waɗannan ba."

"Madam, sau ɗaya kawai," in ji Maëlle. "In babu wannan wurin, fim ɗin ba shi da ƙarshe."

Josiane ta ɗauki wuƙarta, ta juya ga matar da ke jiran a yanka mata cuku.

"A'a. Ba zan sake ba."