Duwatsu Masu Ƙyalli a Gonar Ɗangoggo

Shekara goma sha ɗaya kamfanin haƙar dalma ya yi yana cin ƙasa ta ƙarƙashi a wani ƙauye kusa da Abaji. Bakin ramin bai fi ɗaki faɗi ba, amma tarkacen dutsen da aka fitar ya zama tsauni biyu, ɗaya a gonar Ɗangoggo, ɗaya a ta maƙwabcinsa Zacharias. Ƙadangaru suka yi gari a kai, har ana cewa na tsaunin gabas sun fi jan kai.

Kafin zuwan kamfani, doyar Ɗangoggo ake fara tambaya a kasuwar Abaji. Iri ne da ya gada wurin mahaifinsa, doguwa mai gari. Duk shekarun nan a bayan gida yake rayar da irin, yana jiran a mayar masa da gonarsa.

Da aka daina haƙa, aka turo wata injiniya mai suna Alice ta gyara ƙasar. Ta raba duwatsun kashi biyu. Masu launin toka ta ce ba su da illa. Masu ɗigon ƙyalli kamar zinariya kuwa ta sa aka tara su gefe, tifa tana mayar da su rami kaɗan-kaɗan, ana toshewa da yumɓu. Gonar Zacharias a gangare take, sai aka jera mata masu tokan layi-layi don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ta Ɗangoggo shimfiɗaɗɗiya ce, aka share ta tas, aka zuba baƙar ƙasa.

Kakar farko Ɗangoggo ya samu doya daidai gwargwado. Ta Zacharias kuwa kowace ɗaya kamar cinyar ɗan dambe. Ɗangoggo ya tsaya bakin iyaka, yana auna ta da ido.

"Maƙwabci, shigo mana ka taɓa, ba ta cizo," in ji Zacharias.

"Ruwa ne ya cika ta. Ba za ta yi sakwara ba."

"Jiya matarka ta ɗanɗana, ta ce ta yi."

Ranar ko abinci Ɗangoggo bai ci ba. Washegari ya sami Alice a bakin rami, ya ce shi ma a ba shi dutse, amma mai ƙyallin.

"Baba, gonarka ba ta buƙatar dutse," ta ce. "Waɗannan kuma in ruwan sama ya daɗe a kansu, tsami suke fitarwa mai ƙona shuka. Shi ya sa muke binne su."

Ya gyaɗa kai ya tafi, yana tunani. Shi dai a saninsa abin da mutum yake so shi yake binnewa da irin wannan kulawa. In dutsen toka ya yi wa Zacharias haka, me mai ƙyalli zai yi? Har ya hango doyarsa tana fitowa da sheƙi, mutane na tahowa daga Kubwa kallo.

Direban tifar, Surajo, ƙanin matarsa ne. Ɗangoggo ya bi shi da naci har ya juye masa lodi biyu wata ranar Lahadi da injiniya ta tafi coci. Ya farfasa su, ya cusa a gindin kowace kunya, ya rufe da ƙasa. Sannan ya shuka irin mahaifinsa duka, har wanda ya saba ajiyewa a bayan gida.

Damina ta yi nisa, ruwan da ke kwanciya tsakanin kunyoyi ya koma ja kamar tsatsa. Tana, tsutsar ƙasa, ta fito ta mutu a fili. Kwaɗi suka ƙaura gonar Zacharias, can suke kukansu. Ganye ya yi rawaya. Da ya tona, sai ruɓaɓɓen abu mai wari. Bai tsira da ko ɗaya ba.

Alice ta zo ta duba. Ta ce za a kwashe duwatsun a zuba farar ƙasa, amma gonar sai ta huta shekara biyu.

Bayan kwana uku Zacharias ya shigo gidan, matarsa Elizabeth na biye da kwando a kafaɗa. Ta sauke, ga irin doya cike.

"Ba na son naka," in ji Ɗangoggo.

"Ba nawa ba ne, na babanka ne. Ka manta ka ba ni shekarar da kamfani ya zo? Ni ma shi na yi ta rayarwa a bayan gida tun lokacin."

Ɗangoggo ya ɗauki ɗaya, ya juya ta. Ga tsawon, ga 'yar lanƙwasar nan ta wuya. Ashe doyar da ta hana shi cin abinci ta gidansu ce, ta je gonar wani ta yi ƙiba. Wannan ya fi komai ci masa rai.

"A hannun babana ta fi haka girma," ya ce.

"To. Sai ka nuna mana. Akwai layi biyu a ƙasan gonata, ka shuka kafin taka ta warke."

Ɗangoggo ya jawo kwandon kusa da ƙafarsa.

"Na sama nake so," ya ce. "Na lura can taka ta fi girma."