Bana Ruwan Ya Yi Ɗumi

"Karanta mini a hankali, Larai, kar ki tsallake komai," in ji Baffa Manniru.

Larai ta gyara zama a bakin katifar, ta kusanto da wayar. Shekara uku ke nan da ta shiga ajin yaƙi da jahilci, tun lokacin ita ke karanta wa tsohon maƙwabcin nata saƙonnin ɗansa Zakariyya, mai aiki a jirgin kamun kifi can mashigin teku tsakanin Mozambik da Madagaska. Shi ma Baffa aikin da ya cinye ƙuruciyarsa ke nan, kafin ciwo ya zaunar da shi a ɗaki ɗaya a Dutse Alhaji. Asibiti sun sallame shi, sun ce a je gida a yi ta addu'a. Ɗan kawai yake jira.

Saƙon ya ce oga ya ƙara musu wata uku. Larai ta haɗiye wannan layin.

"Ya ce yana hanya, Baffa. Sati biyu."

"Alhamdu lillahi." Ya lumshe ido. "Ruwan fa? Me ya ce kan ruwan?"

Nan kam ba ta ga abin ɓoyewa ba. "Ya ce bana ruwan ya yi ɗumi, har igiyarsa ta sauya hanya. Ka ga ko sanyi ba zai dame shi ba."

Baffa ya buɗe ido. Can ya yi 'yar dariya, ta koma masa tari.

"'Yar nan, tuwo kika iya sayarwa, ƙarya kam ba ki iya ba. Teku ma shekarunsa gare shi. In shekarar ɗumi ta zagayo, kifi ƙasa yake nutsewa, ya bi sanyi. Wane oga ne zai saki ma'aikaci jirgi ba kifi?"

"Ka yafe mini, Baffa."

"Rubuta masa na ji sauƙi. Ki ce na ci tuwonki malmala biyu. Haka ake yin ta, wannan zai yarda."

Ta rubuta, harafi bayan harafi.

Ranar Laraba da hantsi Baffa ya cika. Masu wankan gawa suka ce ta ɗora ruwa. Ta sirka, ta kawo bokitin bakin ƙofa, ta tsoma hannu ta ji ko ya yi daidai. Sai wayar ta yi ƙara a kan taga, saƙon Zakariyya ya shigo.

"Malmala biyu! Ashe Baba ya miƙe."

Ta karanta sau biyu, hannunta ɗaya yana cikin ruwan ɗumin.