Gaurakan Illo

Shekaru kaɗan kafin Nasara su iso Tasawa, an yi waɗansu ƴan'uwa biyu a wani ƙauye kusa da Cake, Maharazu da ƙanensa Illo. Haƙar rijiya suka gada. Ƙasar wajen yashi ce, ruwa kuma yana nesa, sai an yi gaba ashirin kafin a ga laima. Ɗaya ya shiga rami, ɗaya ya riƙe igiya, kashegari su canza.

Ran da abin ya faru, Maharazu ne ya kamata ya shiga. Ƙaya ta soke shi a ƙafa, Illo ya ce bari ya karɓe shi. Da hantsi rijiya ta rufta. Maharazu ya ja igiya, ta zo masa ba nauyi. Kwana uku ana tono, ba a kai ga Illo ba. Aka yi masa salla a bakin ramin, aka cike.

Daga ranar Maharazu bai ƙara magana ba. Ba ya duka, ba ya zagi. Zama kawai yake yi a gindin gawon ƙofar gida. Matarsa Furera ta ajiye tuwo, ta dawo ta ɗauke shi a bushe. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Sau biyu mata masu ɗiban ruwa suka tarar da shi a bakin rijiyar gari yana leƙen ƙasa.

Illo ya bar gauraka. Ya tsince shi yana tsako a Gulbin Kaba, ya raine shi da fara da tsaba har ya kai ƙugun mutum. Dogon wuya, farin kunci, tuntu a ka kamar zaren zinariya. In Illo ya tafa sau uku ya ce, "Taho, Mai Tuntu!" sai tsuntsun ya zo ya yi masa rawa. Masu ajiye gauraka suna rage masa gashin fiffike ɗaya duk sa'ad da sabon gashi ya fito, don kada ya tashi. Wannan aikin Illo ne, shi kaɗai ke iya kama shi. Da ya mutu, ba wanda ya tuna.

Tsuntsun ma ya daina ci. Ya zaga gida, ya leƙa ɗakin Illo, daga ƙarshe ya zo gindin gawo ya tsaya kusa da Maharazu. Ya sa baki yana taɓa masa tafin hannu. Furera ta gani. Ta ɗebo gero ta zuba a hannun mijinta. Gauraka ya ci. Maharazu ya ji ɗumin wuyan a jikin hannunsa, ya daɗe bai janye ba.

Tun daga nan, in tsuntsu ya ci, shi ma yakan kai loma biyu. Ya fara bin sa bayan gari yana kaɗa masa fara daga ciyawa. Bai ƙara zuwa bakin rijiya ba. Amma baki na nan a rufe.

Da hadari ya fara haɗuwa, ƙanen ubansa Iliyasu, wanda shi ne babba a gidan, ya kira Furera.

"Damina ta kawo kai, kowa zai tahi gona. Wa zai tsare shi? Na yi ma maƙeri magana. Ran Juma'a a sa mishi mari ga ƙafa."

Furera ta durƙusa. "Baba, ai shina samun sauƙi. Jiya rabin akushi ya ci."

"Sauƙi? Ƙato da gemu shina kiwon tsuntsu kamar saniya? Ko ke ma tuntun za ki fitar?"

"Baba, wanda aka ɗaure da ƙarhe ba ya komowa daidai. Mun gani."

"Wanda ya faɗa rijiya fa, shina komowa? Na rasa ɗaya, ba ni rasa biyu. Ya buɗe baki ya ce mani Baba, in mai da marin."

Maharazu yana jin su. Maganar tana cikinsa, amma kamar an danne ta da yashi gaba ashirin.

Ran Alhamis aka yi ruwan farko. Juma'a da safe maƙeri ya zo da mari da guduma. Maharazu ya miƙe ƙafafu bai yi gardama ba. Maƙeri ya durƙusa yana gwada ƙarfen a idon sawu.

Sai ga kuka daga sama. Gauraki ne na daji, sun fi talatin, sun nufi gulbi inda ruwa ya kwanta. Mai Tuntu ya ɗaga kai. Ya amsa. Ya yi taku uku, ya buɗe fikafikai, sai ga shi bisa gawo.

Furera ta dafe kai. "Wayyo! Ba a rage mishi gashi ba!"

Mai Tuntu ya tashi ya shiga cikin ƴan'uwansa, suka yi ta nisa har suka koma kamar ƙudaje. Maharazu ya ji irin abin da ya ji ran da igiya ta zo ba nauyi. Ya ture maƙeri, ya miƙe tsaye. Ya tafa sau uku.

"Taho, Mai Tuntu!"

Muryar ta fito a dishe, kamar ba tasa ba. Kowa ya daskare. Can sai ɗigo ɗaya ya ware daga garken. Ya yi girma, ya yi girma, har aka ji iskar fikafikansa. Ya sauka a kan jiƙaƙƙen yashi gaban Maharazu. Ya sunkuyar da kai, ya yi tsalle sama da tsayin mutum, ya ɗauki kara ya jefa, ya juya, rana tana haska tuntunsa. Rawar da ba a gani ba tun Illo na da rai.

Maƙeri ya saki guduma. Iliyasu ya ce, "La'ilaha illallahu."

Maharazu ya dafa wuyan tsuntsun, hawaye na bin gemunsa. Ya juya.

"Baba, ni ya kamata in shiga ran nan."

"Na sani," in ji tsohon. "Kowa ya sani. Ba kai ka rufta ta ba." Ya share ido da bakin rawani, ya dubi maƙeri. "Kai, mi kake jira? Ɗauki ƙarhenka ka yi mana hauya da shi."

Furera ta ruga ta kawo wuƙa. "Maigida, riƙe shi a rage gashin tun yanzu."

"Mai da wuƙar," Maharazu ya ce. "Ba wanda zai taɓa mishi fiffike. Akwai hura?"

Ta kawo ƙwarya cike, ya shanye, ya ɗauki sungumi ya nufi gona, gauraka na biye da shi.