Tsarabar Baban Najaha

Daga tsaraba Rahama ta fara zargin mijinta. Mazan unguwarsu in sun dawo Matameye daga cin rani a Kano, atamfa suke kawowa da sabulu da burodi. Shi kuwa Sallau bana da ya kwance jakarsa, sai ga bandar kifi da busasshen jan tattasai, irin wanda ake kawowa daga gabas. Ta yi godiya, ta zuba a tukunya ta rufe. Ba ta sa ko ɗaya a miya ba, don ba ta san ta hanyar da aka samo su ba.

Ya ce dako yake yi a kasuwa. To amma mai dako a ka yake ɗaukar kaya, shi kuwa kafaɗarsa ta dama ce ta yi kanta. In zai zauna sai ya fuskanci ƙofa. In ƴarsu Najaha ta yar da kwano, kafin ƙarar ta mutu ya miƙe tsaye.

Sai kuma ya yi abin da ya sa unguwa ta ɗauka. Gero ya fito, kowa na wasa hauya don noman fari, shi ya ce zai koma Kano, ya kama hanya. Wa ke zuwa cin rani da damina?

Wansa Yahaya ya zo ya tsaya a zaure. Ya ce mai unguwa ya yi shela, duk wanda ɗan'uwansa ke tafiyar da ba a gane ba ya kai magana wurin jandarma, tun kafin ƴan ta'adda su jawo wa gari bala'i.

"Ke kike kwana ɗaki ɗaya da shi. In kasuwa ta watse ba ki gaya mini inda yake ba, ni da kaina zan kai sunansa."

Rahama ta sunkuyar da kai. In sunan ya tafi, Najaha za ta tashi ana nuna ta da baki.

Ranar kasuwa ta kai furarta tasha kamar kullum. Da hantsi sai ga motocin soja sun tsaya a bakin titi. Sojojin nan ne na musamman masu bin ƴan ta'adda har daji, fuskokinsu a rufe, ido kawai ake gani. An ce ko iyalansu ba a gaya musu aikin da suke yi, don kada a biyo su gida ramuwa. Hira ta ɗauke a tashar.

Ɗaya ya sauko ya nufo ta. Bai yi magana ba, ya nuna ƙwarya da hannu. Ta dama ta miƙa masa. A nan ta ga babban yatsansa, farcen a tsage biyu, tsohon saran lauje. Ita ce ta ɗaure yatsan nan da tsumma shekarar da aka kawo ta ɗakin miji.

Sunan ya taso mata har baki. Amma sunan miji ne, tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa faɗarsa ba, ko a gaban uwarta. Harshenta bai san hanyarsa ba. Kafin ta lalubo "Baban Najaha", idonta ya faɗa kan Yahaya a rumfar mai shayi, da sauran jama'a, kowa ya zuba ido. Ta haɗiye maganar.

Sojan ya juya baya ya ɗaga ƙyallen fuskarsa ya sha. Ya kife ludayin a kan faifai, yadda yake yi a gida, ya biya ya hau mota.

Da la'asar Yahaya ya dawo zaure.

"To, ina yake?"

"Kano, Yaya. Yau ma na ji daga gare shi, lafiyarsa lau."

"Da damina?"

"Da damina."

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ake yi wa wanda bakinsa ya zama ɗaya da ɓarawo. Bai ce zai je ba, bai ce ya fasa ba. Ta kan katanga ta ji maƙwabciyarta Maryama ta kira ƴaƴanta su fito daga gidan Sallau.

Rahama ta shiga ɗaki ta buɗe tukunyar. Ta ɓare kifin, ta daka tattasan, ta ɗora miya.