Kansilar Goggo Timiro

"Gyara mini mayafin nan, Dahabo. Kansila ce fa za ta shigo, ba mai allura ba."

Dahabo ta tallafi kan tsohuwar ta gyara. Shekara goma sha ɗaya ƙofofinsu na kallon juna a hawa na tara, nan unguwar Cedar ta Minneapolis, ba ta taɓa ganin Goggo Timiro ta lalace haka ba. Ciwon hanta ya cinye komai, bakin nan ne kawai ya gagare shi.

Zancenta ɗaya ne kullum: Guled, autanta da aka baro a sansanin gudun hijira na Dadab. Takardunsa na zuwa nan sun fi shekara goma wai ana dubawa. Da Ebyan, yarinyar da ta tashi a benen nan, ta fito takarar kansila, Timiro ta ɗau abin da zafi. Dattawan dangin Timiro masu zaman shagon shayi suka ce yarinyar ba jininsu ba ce. Ta ce, "Jinin naku me ya tsinana mini?" Ta bi hawa-hawa da sandarta da kwanon sambusa tana ƙwanƙwasa ƙofofi, tana nema wa Ebyan ƙuri'a. A ƙasarsu ai haka ta sani: in naka ya hau kujera, waya kawai zai ɗaga ƙofa ta buɗe.

Dahabo ta san nan ba haka ba ne. Wata biyu da Ebyan ta ci zaɓe tana son ta faɗa wa tsohuwar, bakinta ya yi nauyi.

Ebyan ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa bakin gado.

"Goggo, ya jiki?"

"Jiki ya yi nasa. Ke kam kujera ta karɓe ki, dubi kumatu! To, yaushe Guled zai sauka? Kada ki ce mini ana dubawa."

Ebyan ta dubi Dahabo. Dahabo ta roƙe ta da ido: ce mata wata mai zuwa mana, me zai rage ki?

"Goggo, wallahi wasiƙa uku na rubuta, duk wanda na sani na kira. Amma biza ba a hannuna take ba. Ni nawa titi ne da fitilu, da kwashe shara da ƙanƙara."

"Shara?"

"Eh, Goggo."

"Da gwiwar nan na zaga benen nan kaf saboda shara?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta kama hannun yarinyar.

"Allah ya yi miki albarka, ba ki yaudare ni ba. Ga maƙaryaciya nan, kullum an kusa, an kusa."

Dahabo ta fashe da kuka. Timiro ta juya fuska bango, muryarta can ƙasa.

"Wai ya yi furfura. Ɗana da furfura, ban taɓa shafa ta ba."

Ranar Alhamis bayan azahar Timiro ta cika, Dahabo na laƙƙana mata kalmar shahada. Kafin Juma'a ta waye ƙanƙara ta binne unguwar har gwiwa. Direban motar gawa ya ce ba hanyar shiga titin masallaci, sai dai a bari sai Litinin. Ebyan ta fita baranda da waya a kunne. Dahabo ba ta taɓa jin ta ɗaga murya haka ba.

Kafin ƙarfe takwas sai ga motar kwashe ƙanƙara ta kunno kai. Dahabo ta kira Guled ta bidiyo, ta ɗora wayar jikin gilashin taga. Yana zaune a inuwar bukkar leda, rana na dukan jar ƙasa a bayansa.

"Goggo Dahabo, ban ga komai ba sai fari."

"Dubi ƙasa. Ka ga wancan baƙin layin? Hanyar uwarka ce ake buɗewa."

Ya matso da fuskarsa. Motar gawa ta bi layin a hankali, fitilunta a kunne. Dahabo ta ci gaba da riƙe wayar har motar ta sha kwana, hannunta ya sage, shi kuma bai ce ta sauke ba.