Mabuɗin Malam Shu'aibu

Shekara tara Perpetua da Malam Shu'aibu suna aiki tare a wani tsohon gida a Nassarawa GRA. Ita 'yar Zariya ce, da aikin akawu ta fara, shi ya koya mata kwamfuta. Sana'arsu adana wa mutane bayanai a manyan na'urorin da ke ɗakin baya, kowa ya buɗe nasa ta intanet daga inda yake.

Babban abin alfaharinsu wata ƙungiya ce ta ƙasar Holan mai nema wa fursunoni lauya. Da farko Turawan sun ƙi ba su ajiyar bayanansu. Wata shida Malam Shu'aibu yana lallashinsu, yana cewa sirrin 'yan ƙasa a gida ya kamata ya zauna. Daga baya suka yarda, suka zuba komai: sunayen shaidu, unguwanninsu, muryoyin da aka naɗa. Wasu muryoyin ma Perpetua ce ta taya su naɗa.

Wata Talata da safe shugabar ƙungiyar ta kira Perpetua. Ta ce wasu jami'ai sun ɗauke Kande daga gidanta a Gawuna. Kande unguwarzoma ce da ta ba da shaida kan dukan da aka yi wa ɗanta a tsare, kuma babu inda sunanta yake sai a na'urar su Perpetua.

Perpetua ta duba na'urar. An buɗe fayil ɗin Kande ranar Juma'a, da mabuɗin sirri na Malam Shu'aibu.

Ta same shi a baranda, ya idar da alwala.

"Malam, kai ne?"

Ya daɗe yana kallon butar.

"Su uku suka zo, da takarda mai hatimi. Suka ce in na faɗa wa kowa, har ke za su haɗa. Na ɗauka suna ɗaya za su duba su tafi."

"Suna ɗayan ai mutum ce. Ni na naɗi muryarta. Hannuna ta riƙe, ta tambaye ni ko wani zai ji, na ce mata babu."

Hawaye na bin gemunsa, abin da ba ta taɓa gani ba.

Cikin mako guda Turawan suka kwashe bayanansu zuwa ƙasarsu. Sauran ƙungiyoyin waje da ke ajiya a wurin suka bi sahu. Wasiƙar ƙarshe ta ce ba su zargi kowa ba, sun dai daina yarda da wurin.

An sako Kande bayan kwana sha tara. Perpetua ta je gaishe ta da lemo a leda. Tsohuwar ta rame, ta amsa gaisuwa da mutunci, ta sa aka kawo ruwa.

"Sannu da zuwa, 'yata," ta ce. "Amma kada ki sake tambayata komai."

Perpetua ba ta koma ofis ba. Duk Kirsimeti Malam Shu'aibu yakan aiko mata da saƙon barka. Tana karantawa, ta fara rubuta amsa, sai ta goge.