Gicciyen da aka share sau biyu

Ranar Talata ce, ina tsaye a kicin ina naɗe ƙullun masara cikin ganye don cinikin yamma, talabijin na ta surutu a bayana. Shirin nan ne na rana da ake zama a yi ta gulmar 'yan wasa. Sai na ji an ce Lía Montalvo ta rasu a asibiti. Sai da na ƙara naɗe guda biyu kafin maganar ta shige ni, don ni ban taɓa kiranta da wannan suna ba, gidan talabijin ne suka laƙa mata. Ƙanwata ce, Leocadia. Da safen nan na kai mata romo, ta ce in dawo mata da silifas ɗinta. Asibitin ba su kira ni ba sai bayan awa guda.

A ƙasan hotonta suka rubuta cewa matar da ta so kashe auren Rómulo Arriaga ta mutu.

Shekara goma sha ɗaya Leocadia ta yi tana fitowa a matsayin 'yar aiki a wasannin talabijin. Baƙa ce, gajeriya, irinmu, kuma irinmu tire ake ba su su ɗauka. Rómulo kuwa tun ina budurwa shi ne jarumi, har yau da yake rina gashi shi ne, 'yan matan kawai ake canja masa. Da aka tashi ɗaga ta sai aka ba ta matar da ke ƙwace mijin wata, mijin kuma shi ne. A bayan fage ya bi ta wata takwas. Ya zo nan unguwarmu Iztapalapa, ya zauna a kujerar nan, ya ci abincina, ya kira ni Yaya, ya rantse aurensa ya daɗe da mutuwa.

Da wata mujalla ta buga hotonsu, cikin sati biyu aka jefo Leocadia daga matakalar bene a cikin wasan, aka sallame ta. Shi kuma ya je shirin rana ya yi kuka, matarsa riƙe da hannunsa, ya ce an yaudare shi. Aka ba shi sabon wasa. Mutanenmu ba sa raba wasa da gaske, wata mai tumatir ta taɓa tofa wa Leocadia yawu a kasuwa. Shekara goma sha biyar ba ta buɗe baki ba, don ya ce ta ba shi lokaci zai gyara.

Bayan jana'iza, kamar yadda al'adarmu take, muka zana gicciye da farar ƙasa a falo, daidai inda aka shimfiɗe ta, muka kunna kyandir, aka fara addu'ar kwana tara. Ƙarfe bakwai na sa lokacin addu'ar, na manta ƙarfe bakwai ake nuna wasansa. Na dafa kofi tukunya guda, na jera kujeru ashirin. Mutum ɗaya ta zo, Doña Cleofas, maƙwabciyata mai ciwon gwiwa. Muna addu'a muna jin muryarsa ta tagogin unguwa yana ce wa wata yarinya ita ce rayuwarsa.

Ni ba taro nake nema ba. So nake a faɗa a gaban mutanen layin nan, ko sau ɗaya, cewa ba ita ta bi shi ba.

Na samo lambar Rómulo a wayarta. Da ya ji sunana ya fashe da kuka. Na ce a rana ta tara ana buƙatar wanda zai durƙusa ya share gicciyen ya kai kabari, in yana da sauran kunya ya zo ya yi, ya faɗi gaskiya.

"Yaya Eufrosina, zan zo," in ji shi. "Abin da ke raina zan faɗa, na yi miki alkawari."

Na riga na ba Doña Cleofas wannan aiki, har ta sayi sabuwar tsintsiya da ƙaramin kwali ta liƙe shi da baƙin yadi. Na je na karɓe. Ta miƙo min su ta ce, "Ƙawata, ke da ba kya kallon wasa ke ce za ki fi kowa ruɗuwa. Mutumin nan kuka ne sana'arsa." Na ce mata hassada take.

A rana ta tara layinmu ya cika har bakin titi. Matan da ba su leƙo ba kwana takwas suka zo da jan baki. Ya iso da motoci biyu, da kyamara, da wata yarinya mai shafa masa hoda. Ya ce ai gara ƙasa duka ta ji. Ni ma na ga haka ne, na buɗe musu ƙofa.

Ya durƙusa ya share, daga kai zuwa ƙafa kamar yadda mai jan addu'a ta nuna masa, ya zuba a kwalin. Hawaye na zubo masa. Har na fara yafe masa. Sai mai kyamarar ya ce haske bai yi ba, inuwa ta rufe masa fuska, a sake. Na ce ba a sakewa, an riga an ɗauke Leocadia tare da gicciyen. Ban san lokacin da yarinyar hodar ta shiga kicina ba, sai ga ta da kwanon garin masarata. Suka zana wani gicciyen a kan idona. Ban hana su ba, don bai yi maganar ba tukuna, kuma maganar nake jira.

Ya sake durƙusawa, ya sake sharewa, hawayen ma suka sake zuwa daidai wurin da suka zo ɗazu. Ya ɗago ya kalli kyamara.

"Matar nan ta kusa rusa min gida," ya ce. "Amma ni yau na yafe mata. Ku ma ku yafe mata."

Aka tafa. A gidan makoki, aka tafa. Mai tumatir ɗin nan tana kuka tana cewa ba a sake haifar namiji irinsa. Na buɗe baki zan yi magana, an riga an kashe fitila, ana naɗe waya, mutane sun bi shi waje suna ɗaukar hoto. Kwalin ma a kan firjina ya bar shi, da kofin da ya sha kofi a kai.

Ni da Doña Cleofas muka kai shi maƙabarta washegari, a bas. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta dai ce in riƙe kwalin da kyau, direban mahaukaci ne.

Sun nuna abin sau huɗu a satin. Abin da aka ga yana sharewa garin da nake sana'a da shi ne. Na je gidan talabijin sau biyu da wasiƙun da ya rubuta mata, mai gadi ya ce in bar su a ƙofa. Ban bari ba.

Akwai tsagewa a simintin falon, farar ƙasar gicciyen farko ta maƙale a ciki, tsawon ɗan yatsa. Kullum da safe in na zo shara, a nan nake ɗaga tsintsiya, in zagaye ta.